AWON ALBARUSHI: IDO BA MUDU BA NE



Kowace shekara in an gama kaka, ciyawa ta bushe, maharba sukan sauko da bindigoginsu daga rataye su nufi daji. Haka kuma in sallah ta zo, masu harba bindiga a gaban sarakuna sukan yi shiri don hawa. A irin waɗannan lokatai ne akan kawo wa likitoci mutanen da bindiga ta fashe a hannunsu, wani ya rasa yatsu, wani ya rasa ido, wani kuwa ba a kai ga asibiti da shi da rai ba. In an tambaya sai a ce tsautsayi ne, ko kuwa a ce naman da aka auna yana da ƙwari. Amma in an ɗauki ɓaraguzan bindigar an duba, sau da yawa akan tarar laifin yana wurin ɗuri, watau ko an zuba albarushi fiye da kima, ko an zuba irin wanda bai dace da bindigar ba. Wannan jawabi a kan awon albarushi yake, da dalilin da ya sa waɗanda suka san shi ba sa yarda su auna shi da ka.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN BUTUTU

Sa'ad da aka ja kunama wuta ta kama albarushi, albarushin yakan ƙone ya zama iska mai tsananin zafi, wadda ke neman wuri mai faɗi alhali kuwa an tsare ta a ɗan ƙunci. Tana tura kowane gefe da ƙarfi ɗaya: tana tura harsashi, tana tura gindin bindiga wajen fuskar mai harbi, tana kuma tura jikin bututu. Abin da ake so shi ne harsashi ya zama shi ne mai saurin ba da hanya. In ƙarfin ya wuce abin da ƙarfen bututu zai ɗauka, to, bututun ne zai ba da hanya, kuma daidai inda hannun hagu ke riƙe da shi, kusa da ido.

Masana suna auna wannan ƙarfi da laba a kan kowane inci murabba'i. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce laba 30 zuwa 35 ba. Harsashin bindigar farauta mai baki biyu yakan kai laba 11,500. Harsashin raifil kuwa, watau bindiga mai tsaga a murɗe cikin bututunta wadda ke harba ƙwaya ɗaya zuwa nesa, irin wanda ake kira .30-06, iyakar da aka yarda masa laba 60,000 ce, wajen ninki 2,000 ke nan na iskar taya. Duk wannan yana aukuwa cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan ba. Babu wanda ke da zafin naman da zai janye hannunsa a cikin wannan ɗan lokaci, saboda haka duk wata dabarar tsira tilas a yi ta tun wurin awo.

ALBARUSHI IRI BIYU NE

Na farko shi ne baƙin albarushi, wanda aka sani tun kaka da kakanni. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, fiye da shekara dubu da suka wuce. In ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa yakan zama hayaƙi da toka, abin da ya sa bindigar toka ke turnuƙe wuri, take kuma bukatar wanki bayan harbi. Wannan albarushi shi aka ƙera bindigar ɗuri dominsa.

Na biyu shi ne albarushi marar hayaƙi, wanda ke cikin harsashin kanti na zamani. Wani masani Bafaranshe, Paul Vieille, shi ya fara gano shi a 1884, sojan Faransa suka sa shi cikin sabuwar bindigarsu ta Lebel a 1886. Alfred Nobel ya fito da nasa irin a 1887, Ingila kuma ta fito da nata a 1889. Wannan albarushi kusan dukkansa iska yake zama, kuma in an auna nauyi da nauyi ƙarfinsa ya kai wajen ninki uku na baƙin. Yana da wani hali kuma da ya kamata kowa ya sani. In an zuba kaɗan a fili an kunna, sai ya ci a hankali, har wanda bai sani ba ya raina shi. Amma in an tsare shi, matsi yana ƙaruwa saurin cinsa yana ƙaruwa, saurin cinsa yana ƙaruwa matsi yana ƙaruwa. Saboda haka ƙari kaɗan a wurin awo yakan haifi ƙari mai yawa a wurin matsi.

Daga nan ne babban gargaɗi na wannan jawabi ya fito. Kada mutum ya kuskura ya farke harsashin kanti ya juye abin da ke ciki a bindigar ɗuri, ko da kaɗan ne, ko da an gauraya shi da baƙin albarushi. Launi ba shaida ba ne, gama albarushin zamani ma yawancinsa baƙi ne ko ruwan toka. Duk garin da mutum bai tabbatar da asalinsa ba, ko an ba shi kyauta, ko ya saya da araha a kasuwa cikin ƙullin leda, bai kamata ya kusanci bindigarsa ba.

YADDA MASU SAKE CIKA HARSASHI SUKE AWO

A waɗansu ƙasashe, musamman Amurka, doka ta yarda mutum ya tattara kwanson harsashin da ya harba ya sake cika shi a gida don amfanin kansa. Mutane da yawa suna yi, waɗansu don sauƙin kuɗi, waɗansu don neman harsashin da zai fi faɗa wa bara daidai. Dokar Nijeriya ba ta yarda da wannan ba, kamar yadda za a gani nan gaba. Amma yana da kyau a ji irin tsantsenin da waɗannan mutane ke yi, gama a cikinsa akwai darasi ga duk mai taɓa albarushi.

Ma'auninsu sunansa giren, ma'anarsa ƙwayar hatsi, don a dā da ƙwayar sha'ir aka ƙiyasta shi. Giren 7,000 ne ke cikin laba ɗaya, giren 15 da ɗan ɗoriya ne ke cikin giram ɗaya. Giren ɗaya bai kai miligiram 65 ba, kimanin nauyin ƙwayar shinkafa uku ke nan. Sikelin da suke aiki da shi yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, abin da bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Harsashin raifil na farautar manyan namun daji albarushin da ke cikinsa kimanin giram uku ne kawai, tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin awo da iyakar da ba a ƙetarewa kuwa ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Watau abin da ya raba lafiya da hatsari bai cika kan ƙaramin cokali ba.

Ba kuma da ka suke tsayar da adadin ba. Kamfanonin da ke yin albarushi da harsashi, irin su Hodgdon da Hornady, suna buga littattafai bayan sun gwada kowane haɗi a bututu mai na'urar auna matsi. Iyakar matsin kowane irin harsashi kuwa wata ƙungiya ce ke tsayar da ita, wadda ake kira SAAMI, aka kafa ta a Amurka a 1926. A Turai akwai takwararta, CIP, tun 1914. Mai cikawa yakan fara daga mafi ƙarancin awon da littafi ya ba shi, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan yana duba kwanson da ya harba, in ya ga kwanso ya fara maƙalewa ko gindinsa ya baje, sai ya koma baya nan take. In ya sake irin albarushi, ko nauyin ƙwayar harsashi, ko ma ya buɗe sabon gwangwani na irin da ya saba, sai ya sake farawa daga ƙasa.

Sikelin kansa ba a amince masa haka kawai. Akan ajiye shi a tebur wanda ya daidaita, nesa da taga da fanka, don iska kaɗan tana karkata shi. Kafin a fara aiki akan tabbatar yana kan sifiri, sa'an nan a ɗora masa 'yan ƙarafa waɗanda aka san nauyinsu don a ga ko yana faɗin gaskiya. Akwai na'urar da ke zubo albarushi da mudu don sauri, amma mai hankali yakan ɗauki awo ɗaya cikin kowane goma ya ɗora a sikeli, wanda ke neman daidaito sosai kuwa kowane ɗaya yake aunawa, ya cike giɓin ƙwaya ƙwaya. Gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa a tebur a lokaci guda, don kada a ɗauki wani a maimakon wani, gama albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci in ya shiga kwanson raifil zai tarwatsa ta. Kafin a rufe kwansuna akan jera su a haska fitila a leƙa ɗaya ɗaya, a ga babu wanda aka zuba wa sau biyu, babu kuma wanda aka tsallake. Rashin albarushi ma hatsari ne, don ƙwayar harsashi takan tsaya a tsakiyar bututu, ta biyu ta zo ta tarar da hanya a toshe. Bayan an gama akan rubuta a jikin akwati irin albarushin da nauyinsa da ranar da aka cika. Ba a shan taba a wurin, ba a hira, ba a yi in an gaji.

Waɗannan mutane bindigarsu ta ƙarfen masana'anta ce wadda aka gwada, albarushinsu iri ɗaya ne daga kamfani, ga littafi ga sikeli, duk da haka ba su yarda da idonsu ba. To, ina ga wanda bindigarsa ƙirar maƙera ce, albarushinsa kuma yau daban gobe daban?

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

Dokar Bindigogi wadda ta fara aiki a 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, kamar bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu. Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasin a kansu. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da raifil na farauta, lasin ɗinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne bindigogin ɗuri, al'amarinsu kuwa yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda ke da ikon hana riƙe su sai da lasin. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi.

Dokar ta hana kowa ƙera harsashi ko harhaɗa shi in ba a ma'ajiyar makamai ta hukuma ba. Ƙera harsashi aiki ne na irin Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964. Saboda haka wanda ya tsinci kwanso ya sake cika shi a ɗakinsa ya taka doka, ko da kuwa bindigarsa tana da lasin. Maƙeri ma ba shi da ikon ƙera bindigar ɗuri ko gyara ta sai da izinin 'yan sanda. Tun daga 2021 kuma akwai cibiya ta ƙasa mai kula da hana yaɗuwar ƙananan makamai, a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Duk mai riƙe da bindiga ya kamata ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ji matsayin takardunsa da umarnin da ke aiki a jiharsa.

DARASI GA MAI BINDIGAR TOKA

Bindigar toka, wadda waɗansu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, ta daɗe a Afirka ta Yamma. Turawa suna laƙaba mata sunan mutanen Danmak, don fataken wannan ƙasa suna cikin masu kawo ta gaɓar teku, inda suke da sansani a Akra. Daga baya maƙeran Birmingham a Ingila suka riƙa ƙera ta da yawa don kasuwar Afirka. Baƙin albarushinta da mudu ake aunawa, ba lalle sai da sikeli ba, gama ya fi na zamani haƙuri. Amma haƙurin yana da iyaka, kuma mudu daban yake da ƙiyasi.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ne a wurin hatsi, inda in an yi kuskure sai a yi ragi ko gyara. A wurin albarushi sanin ƙima bai wadatar ba. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, don na wani ya fi na wani zurfi, kuma hannun mutum ɗaya ma abin da zai ɗiba da safe yana natse ba shi zai ɗiba ba da dare yana gaggawa. Masu awo da yatsu, watau su zura sandar ɗuri su ga yatsa nawa ta ɗago, su ma su lura cewa wannan lissafi bai ƙetare bindigar da aka saba da ita ba. In faɗin ramin wata bindiga ya fi na wata da kashi ɗaya cikin biyar kawai, to, yatsu daidai wa daida za su ci albarushi da ya fi na waccan da kusan rabi.

Abin da ya dace shi ne kowace bindiga ta kasance da nata ɗan mudu, na ƙaho ko na gora ko na tagulla, wanda aka yanke daidai awon da maƙeri mai izini ya tsayar mata, a ɗaure shi a jikin jakarta. A cika shi, a shafe bakinsa da yatsa, kada a yi masa toliya, kada a danna. Ba a aron mudun wata bindiga. Babu adadi ɗaya da za a ce ya dace da kowace bindigar toka, gama babu biyu da ƙarfensu yake ɗaya, amma ƙa'ida ɗaya ta game su duka: in ana shakka a rage.

Laushin albarushi ma awo ne. Mai manyan ƙwayoyi yana ci a hankali, mai laushi kamar gari yana ci da sauri, matsinsa ya fi. Mudu ɗaya na mai laushi ya fi mudu ɗaya na mai tsakuwa haɗari, saboda haka wanda ya sake wurin saye, ko ya kai ga garin da ya taru a gindin gora, sai ya rage awo. Nauyin abin da aka ɗora a bisa albarushi shi ma yana cikin lissafi. In an ƙara dalma, ko an cusa guntun ƙarfe mai nauyi, ko an danna tsumma da yawa, harsashi zai yi jinkirin tashi, matsi kuwa ya hau ko da albarushin bai ƙaru ba.

Waɗansu suna zaton yawan albarushi shi ke kai harsashi nesa. In an wuce wani matsayi, ƙarin ba ya ƙara nisa gwargwadon yadda yake ƙara matsi da naushin kafaɗa, sai ma ya watsa harsashi ya sa a kuskure nama. Maharbin ƙwarai da iya sanɗa yake samun nama.

ƊURI BIYU DA GIƁI

Bindigar ɗuri ba ta nuna ko akwai abu a cikinta. Mutum yakan ɗura, ya rataye, bayan mako biyu ya manta ya sake ɗurawa, ko kuwa ɗan'uwansa ya ɗauka ya ɗura bai tambaya ba. Wannan kuskure ko sojan da aka horar yana yinsa. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863, lokacin basasar Amurka, an tsinci bindigogin ɗuri fiye da 27,000 a filin daga. Kimanin 24,000 a ɗure suke, aƙalla rabinsu da ɗuri fiye da ɗaya, har an sami wadda aka ɗura sau 23. Ruɗewa ce ta sa su haka, maharbi kuwa in ya hangi nama shi ma yakan ruɗe.

Maganin abin mai sauƙi ne. A zura sandar ɗuri a bindiga sa'ad da babu kome cikinta, a tsaga alama daidai bakin bututu. A ɗura ɗuri ɗaya daidai, a sake zurawa, a tsaga alama ta biyu. Daga ranar duk wanda zai ɗura sai ya fara zura sanda. In ba ta nutse har alamar farko ba, akwai abu a ciki. In an gama ɗuri alama ta biyu ta tsaya sama da bakin bututu, to, ko awo ya yi yawa, ko harsashi bai zauna ba.

Rashin zaman nan shi ne giɓi. Tilas harsashi da tsummarsa su zauna daram a kan albarushi. In toka ta taru a bututu harsashi ya tsaya a hanya, aka harba a haka, bututun yakan kumbura ko ya tsage daidai inda harsashin ya tsaya. Haka kuma in bakin bindiga ya caki laka, ko zanzaro ya yi gini a ciki sa'ad da take rataye da damina.

Kada a tuttula albarushi daga gora kai tsaye zuwa bututu. Bayan harbi ƙwayar garwashi takan saura a ciki, in ta kama, wutar za ta bi zuba ta shiga gorar da ke hannu. A zuba a mudu, a toshe gora, sa'an nan a juye, fuska da yatsu kuwa su kauce wa bakin bindiga. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana duban inda babu kowa har minti ɗaya cur, gama albarushi mai danshi yakan yi jinkiri sa'an nan ya tashi. Kada a leƙa, kada a busa da baki.

ƘARFEN BUTUTU

Awo daidai ba zai ceci ruɓaɓɓen bututu ba. Tun da daɗewa hukumomi a Turai suka gane haka, bayan hasarar rayuka mai yawa. Har sarkin Sikotlan, James na Biyu, igwarsa ce ta fashe ta kashe shi a 1460 yana tsaye kusa da ita. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami izinin gwada bututu a 1637, aka kuma kafa gidan gwaji na Birmingham a 1813. A irin waɗannan gidaje akan ɗura wa sabon bututu fiye da abin da zai ɗauka a aiki, a harba shi a ɗaki mai kauri babu kowa kusa, in ya tsira a buga masa hatimi. Har yau haramun ne a sayar da bindiga a Ingila in babu wannan hatimi.

Bindigar da aka ƙera da bututun famfo ba ta ga irin wannan gwaji ba. Bututun famfo don ruwa aka yi shi, yawancinsa kuma yana da ɗinkin walda tun daga sama har ƙasa, nan ne yake tsagewa. Tokar baƙin albarushi tana jawo danshi, in ba a wanke da ruwan zafi an busar an shafa mai ba, tsatsa takan ci ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Awon da bindiga ta ɗauka shekara goma da suka wuce ba lalle ta ɗauke shi yau ba. Bindigar da ta kumbura, ko ta tsage, ko take fitar da hayaƙi ta gindi, ta gama aiki. Ɗaure ta da waya ko fatar akuya ba ya mayar mata da ƙarfi.

HAWAN SALLAH DA BUKUKUWA

A hawan sallah na Kano da Katsina da Zariya da Bida da sauran masarautu, da kuma wurin naɗin sarauta, akan harba bindiga babu harsashi, don girmamawa. Haɗarin da ke nan shi ne gasa, kowa yana so tasa ta fi ƙara, sai a ninka albarushi a danna tsumma da ƙarfi, ana cewa ai babu dalma. Tsummar da aka danna ita ma toshiya ce, kuma a kusa tana huda jiki. Wanda ya yi haka a tsakiyar taro ya sa ran yara da mahaya cikin hatsari tare da nasa. Ya kamata shugabannin masu bindiga su tsayar da mudu ɗaya ga kowace bindiga kafin ranar hawa, su duba bututu da kansu, su hana yaro ɗuri, su kuma sa a riƙa ɗaga baki sama nesa da kan jama'a.

AJIYA

Albarushi a ajiye shi kaɗan, cikin mazubi na ƙaho ko na itace mai marufi, a wuri busasshe mai sanyi, nesa da murhu da fitila da risho da wayar lantarki, inda yara ba za su kai ba. Kada a shanya shi kusa da wuta, kada a daka shi ko a ɗebe shi da ƙarfe, gama tartsatsi ɗaya ya isa. Harsashin kanti ma kada a bar shi a rana ko a cikin mota rufaffiya, don zafi yana ƙara masa matsi. Bindiga kuwa kada a shiga gida da ita a ɗure.

IN HATSARI YA AUKU

A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, kada a shafa toka ko man ja ko kashin shanu. In ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ido ko ya nutse a jiki, kada a cire, a rufe a hankali a nufi asibiti, a kuma tuna wa likita batun allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora. Kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye majiyyaci a gida har rauni ya ruɓe. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda ya sami raunin bindiga ya yi masa magani nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu, daga baya asibitin ya sanar da su.

Ana roƙon sarakunan maharba da masu unguwanni da dagatai da malaman makaranta su karanta wa jama'arsu wannan jawabi kafin lokacin farauta, su kuma sa kowane mai bindiga ya kawo mudunsa da sandar ɗurinsa a duba a gaban kowa. Yanke mudu da tsaga alama a sanda ba za su ci wa mutum rabin yini ba, hannun da ya guntule kuwa shi ne hannun da ke riƙe fartanya da damina. Allah ya kiyaye, ya sa a gama lafiya.